Wa'adin Wasa Uku

Ranar da Bilkis ta fara ganin Abdulrasheed, abinci ta kai wa yayanta Usaini, wanda take ce wa Hamma, a filin atisaye. Wani siririn saurayi ne da usur a baki, sai faɗa yake wa ƙattin da suka girme shi. Ashe shi ne sabon kocin Gabukka Rangers. Yana hango ta usur ɗin ya suɓuce, 'yan wasa kuwa me za su yi in ba dariya ba.

Kocin ya ce, "Ƙanwar kyaftin ɗina ce? To daga yau ni ma Hamma zan riƙa ce masa."

Wasa-wasa magana ta yi nisa, kullum bayan la'asar yana ƙofar gidansu a Hammadu Kafi. Mahaifinta Malam Bawa ya so ya ƙi, ya ce wannan ai ba sana'a ba ce, yau a ɗauke ka gobe a kore ka. Usaini ne ya tsaya kai da fata har aka sa rana.

Sai ƙungiya ta shiga shan kashi. Shugabanni suka ba Abdulrasheed wa'adin wasa uku, ko ya gyara ko ya tattara. Ya ci ɗaya, ya yi canjaras a ɗaya. Ana jibi wasan ƙarshe Usaini ya faɗi a atisaye riƙe da gwiwa. Shugabanni suka ce a yi masa allurar kashe zafi ya buga, ai haka ake yi ko'ina. Shi ma Usaini har roƙo ya yi, domin masu ɗaukar 'yan wasa zuwa waje za su zo kallo.

Abdulrasheed ya cire sunansa. Aka ci su biyu da nema, kafin magariba an sallame shi.

"Mutumin da ya toshe wa ɗana hanya ba zai zama surukina ba," in ji Malam Bawa. Ranar aka mayar da kayan sa rana. Usaini kuwa ko sunansa ba ya son ji.

Kai, Bilkis ta ga tashin hankali! Da zafin rai ta tura wa Abdulrasheed saƙo: "Me Hamma ya yi maka?"

Amsa ta zo: "Hasken idona, ni ma da allura na buga wasana na ƙarshe, ina ɗan shekara ashirin da uku. Kin taɓa ganin na yi gudu? Kada ki yi faɗa da kowa saboda ni. Don Allah ki ci abinci."

Ta kifa kanta ta yi kuka har muryarta ta dishe. Kullum tana ganin ɗingishinsa, ba ta taɓa tambaya ba.

Wata uku gwiwar Usaini ta ƙi sauka, sai da aka yi hoto a asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta yage, ƙwallo kam ta ƙare, amma da ya yi gudu a kanta ranar, da sanda zai ƙare rayuwarsa.

Daga asibiti gaban mahaifinsu Usaini ya zube, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, mun zalunci bawan Allahn nan. Aikinsa ya bayar ya bar min ƙafata."

Malam Bawa ya ce, "Kira min shi."

Da Abdulrasheed ya zo ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. A zaure ya ce mata, "Bilkis, har yau babu ƙungiyar da ta neme ni."

"Na sani, Kocina. Ni ai na neme ka."

Ranar Juma'a aka ɗaura. Ta taga ta hango su sun nufi masallaci, ango da yayanta, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana jan ƙafarsa a hankali, babu mai riƙe da sanda. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya buɗa wa Koci wata ƙofar.