Lambar Waccan

Firjin alluran rigakafi ne ya haɗa su. Ya mutu da safiyar wata Talata, mata masu ciki sun cika bencin ɗakin awo, Sista, ungozomar asibitin, tana tsaye a kansa tana ta tsaki. Sai ga wani dogon saurayi ya yi sallama da jakar kayan aiki a kafaɗa, ya durƙusa a bayan firjin.

"Minti nawa zai ɗauka?" ta tambaye shi.

"Ki bari in gaisa da majinyacin tukuna, Sista. Ke ma ai ba kya ba da magani kafin ki duba."

Matan benci suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba, amma ta juya baya don kada ya ga bakinta. Cikin rabin awa firji ya dawo da gurnaninsa. Injiniya, kamar yadda kowa ke kiransa, ya ce dole ya dawo jibi ya ga yadda ya kwana. Ya dawo jibin, ya kuma dawo mako na gaba. Firjin da yake lafiya ƙalau ya sha dubiya har sau bakwai, kafin wata mai ciki ta ce masa in lambar Sista yake so ya tambaya kawai, ya bar firji ya huta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Assalamu alaikum Sistata. Firji ya warke, ni kuma na kamu. A wane ɗaki ake duba irinmu?"

Ta karanta sau huɗu kafin ta amsa: "Ba ma duba maza a nan, Mai Sanyi. Amma zan yi maka alfarma."

Tun a hirarsu ta farko ta gaya masa abin da ta san dole ya ji. Watanta takwas da Musulunta. Shekara uku ta yi tana aiki da wata tsohuwar ungozoma wadda ba ta taɓa yi mata wa'azi ba, sai dai tana ganin yadda take wanke hannu bayan haihuwa mai wuya, ta shimfiɗa ɗankwali a lungu, ta tashi fuskarta a sake. Ranar da tsohuwar ta bar aiki, Sista ta bi ta gida ta ce a koya mata. Iyayenta sun yi fushi, daga baya suka sauko.

"To, sai me?" in ji Injiniya. "Ni gado na yi, ke kuwa nema kika yi. Ki riƙa yi mini addu'a ma."

Mahaifiyarsa dai ba haka ta gani ba. Umma ta karɓi Sista da fara'a daidai gwargwado, tana fita ta tsare ɗan nata.

"Yarinyar da har yanzu take ƙirga raka'a da yatsu ita za ta koya wa jikokina salla? Ga Malama nan a maƙwabta, a gabana ta girma, ta sauke, tana koyarwa. Me ka rasa a wajenta?"

Shi kuwa Injiniya, kamar yawancin maza masu kyakkyawar niyya, da hannunsa ya riƙa hura wutar bai sani ba. Duk tambayar addini da Sista ta yi masa, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Bari in tambayi Malama." Na farko ta yi shiru. Na biyu ta ce to. Na uku ya bar wayarsa a teburinta ya tafi wanke hannu, sai allon ya yi haske da saƙon Malama.

"Wa alaikumus salam Yaya. Ka ce mata ta yi sujada biyu bayan sallama. Allah ya ƙara mata fahimta."

Yaya! Kuma wai a ƙara mata fahimta! Sista ta ji wuta ta taso mata daga ƙirji har kunne. Kafin ya dawo ta kwafe lambar a wayarta, wurin suna ta rubuta Waccan. Ba don ta kira ba, ta rantse har abada ba za ta kira ba. Amma kullum sai ta buɗe ta kalli ɗan hoton da ke jikin lambar, ta ce a ranta ai ba wani kyau ne da ita ba, sannan ta sake buɗewa ta tabbatar.

"Me ya ɓata miki rai, Zumata?" ya tambaya da ya dawo.

"Ba komai, Yaya," ta ce, ta ja kalmar har sai da ya gane.

Azumi ya kama, wanda shi ne na farko a rayuwarta. Ran biyar ga wata Injiniya ya lallaɓa Umma ta yarda Sista ta zo buɗa baki. Ta zo da ledar lemo, ta tarar Malama ta riga ta, tana jera kofuna kamar 'yar gida, ta san inda cokula suke ba tare da ta tambaya ba. Sista ta zauna a gefen kujera tana murmushin da ya tsaya a leɓe.

A nan ta ga Auta, ƙanwar Injiniya, da cikinta wata bakwai. Mijinta direban babbar mota ne, ya yi tafiya, ita kuma tana zaune wurin Umma. Idon ungozoma ba ya hutu: leɓen yarinyar ya bushe ya tsage, da ta miƙe sai da ta dafa bango.

"Auta, azumi kike yi? Likitanki ya sani?" Sista ta tambaya a hankali. "Wasu masu cikin suna iyawa lafiya lau, amma ke jikinki kamar yana neman hutu."

Umma ta ajiye carbinta.

"Shida na haifa, ban taɓa shan ko ɗaya ba. Ke da ko azumi biyar ba ki cika ba a duniya, ke za ki koya mana abin da za mu ajiye?"

Malama ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai aka kira salla, maganar ta bi ruwa. Sista ta ci dabinonta ba ta kalli kowa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, Injiniya bai ce uffan ba, sai ma ya miƙa wa Malama kofi ta zuba masa shayi.

Washegari ya turo: "Zumata, ki yi haƙuri da Umma. Zan tambayi Malama hukuncin, sai a yi mata bayani."

Ta amsa: "Ka tambaye ta. Ka tambaye ta ranar auren ma, tunda ita ta san komai."

Kwana shida ba ta ɗaga wayarsa ba. Ta kuma yi abin da har yau take jin kunyarsa: ta ja bakinta game da Auta. Tana tsoron a sake ce mata sabuwar shiga, tana kuma ganin in ta matsa, Malama ce za ta fito da farin jini. A ɗakin awo tana yi wa matan wasu faɗa su sha ruwa, ta bar ƙanwar wanda take so tana dafa bango.

Ran sha biyu ga wata, bayan azahar, saƙo ya shigo daga lambar da ba ta sani ba: "Anti Sista, Auta ce. Tun safe ban ji ya motsa ba, kuma kaina yana juyawa. Don Allah kar ki gaya wa Umma."

Ko takalmin aiki ba ta canza ba. Ta ɗauki jakarta ta tari mota, a hanya ta kira Injiniya, yana can bayan gari yana gyaran ɗakin sanyi na wani kamfani, ya ce ga shi nan. Ta tarar da Auta kwance a doguwar kujera, Umma tana yi mata fifita. Ta auna jininta, ya sauka sosai. Ta ɗora 'yar na'urar sauraro a cikin, bugun zuciyar yana nan, amma bai kwantar mata da hankali ba.

"Umma, dole ta sha ruwa yanzu, mu tafi asibiti."

Ta haɗa ruwa da sukari ta miƙa. Auta ta kawar da kai tana hawaye.

"Saura awa uku fa, Anti. Cikina na farko ya zube. Na ce wannan karon ba zan saɓa wa Allah ko da ƙwayar zarra ba, don Ya bar mini shi. In na sha kuma Ya karɓe fa?"

"Ba saɓo ba ne, wallahi an yi miki sauƙi."

"A ina kika karanta?" in ji Umma, ita ma tsoro ya kama ta. Sista ta san amsar, amma ta san ba daga bakinta za a karɓa ba.

"In Malama ta ce in sha, zan sha," Auta ta faɗa a hankali.

Umma ta lalubi wayarta, ba caji. Auta ba ta da lambar. Sista ta tsaya da kofi a hannu, tana jin kishin nan yana ce mata ai sai a jira Injiniya ya iso ya kira abarsa. Ta dubi cikin Auta. Ta ajiye kofin, ta ciro wayarta, ta danna Waccan.

"Malama, Sista ce. Ki zo gidan Umma yanzu, don girman Allah. Ni ba za su ji maganata ba, taki za su ji."

Cikin minti biyar ta iso da alli a hannunta, daga aji ta fito. Ba ta kalli Umma ba, Sista ta fuskanta.

"Me kika gani?"

Sista ta faɗa mata. Malama ta durƙusa ta kama hannun Auta.

"Abin da na sani shi ne, mai ciki in akwai tsoro a kanta ko a kan abin da ke cikinta, ta sha, ta rama daga baya. Wanda ya wajabta azumin Shi ya ba ki wannan sauƙin, karɓarsa ma biyayya ce. Amma ko akwai tsoron ko babu, wannan ba karatuna ba ne, Umma. Karatun Sista ne, kuma ta ce akwai. Tun ran nan ta faɗa, ni ce na yi nauyin baki."

Ta ɗauki kofin ta mayar wa Sista. Daga hannun Sista Auta ta sha, ta sha na biyu. Aka kwantar da ita a ɓarin hagu ana jiran mota. Can sai ta zabura ta cafko hannun Umma ta ɗora a cikinta. Umma ta ji shurin a tafin hannunta, ta fashe da kuka.

A asibiti aka yi wa Auta ƙarin ruwa, likita ya ce an zo a kan lokaci, kuma ta ajiye azumi sai ta haihu. Sista da Malama suka zauna a benci ɗaya a baranda.

"Wai ina kika samu lambata?" Malama ta tambaya.

Sista ta yi ƙoƙarin kife wayar, amma ta makara. Malama ta karanta sunan da ke allon, ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta buɗe tata ta nuna mata. An rubuta Ta Asibiti.

"Ba zan ɓoye miki ba, na sa rai da shi," ta ce. "Amma duk saƙon da ya turo mini, ke ce a ciki. Na gaji da karanta soyayyar wata. Daga yau ki daina aiko shi, ki kira ni da kanki."

Aka kira magariba. Injiniya ya iso da baƙin mai har gwiwar hannu, ya tsaya yana kallon su biyun ya rasa wadda zai fara gaisarwa. Umma ta fito daga ɗakin Auta da dabino uku a hannu. Ta wuce ɗanta, ta wuce Malama, ta tsaya a gaban Sista.

"Duk wannan gudun da azumi a bakinki kika yi shi?"

"Eh, Umma."

"Buɗe bakinki, 'yata." Ta sa mata dabinon da hannunta. "Na gaya miki magana mai ɗaci a gaban mutane. A gaban mutane nake neman ki yafe mini."

Hawaye ya zubo wa Sista. Ta so ta ce ita ma tana da abin neman gafara, na kwana shidan da ta yi shiru. Daga baya ta faɗa wa Auta, suka yafi juna.

Wata uku bayan haka aka ɗaura aure. Iyayen Sista sun zo, suka zauna kusa da Umma ana ta miƙa musu jaririyar Auta. Malama ce ta gyara wa amarya mayafi. Umma ta haɗa hannun ango da na amarya ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari. In nata cikin ya zo, duk abin da ta ce game da azuminta shi za a yi."

Aka amsa da amin. A mota Injiniya ya leƙa wayar amaryarsa, ya ga an goge Waccan an rubuta Malamata.

"Alhamdulillahi, kishi ya ƙare ke nan, Zumata?"

Ta karɓi wayarsa, ta nemo lambar, ta goge a gabansa, ta mayar masa a aljihu.

"Malamata na ce, Mai Sanyi, ban ce taka ba. In kana da tambaya, ka biyo ta wurina."