Kwalbar Maida Tsohuwa Yarinya

Kowace safiya, kafin ruwan shayi ya tafasa, sai Mai Walda ya duba fuskar matarsa. Da hannu yake dubawa, don idon ya tafi shekara tara ke nan, tun ranar da tartsatsin ƙarfe ya fallatso masa a wurin aiki. Zai zauna bakin gado ya miƙo hannu, ita kuma ta kawo fuskar. Ya bi goshi da babban yatsa, ya gangaro gefen ido, ya ja 'yan kunnenta na zinare, sannan ya yanke hukunci.

"Yau Gimbiya fushi take yi. Wa ya taɓa min ke?"

"Kai ne mana. Minsharinka ya hana ni barci."

"Sharri! Makaho ba ya minshari, likita ma ya faɗa."

Shi kaɗai ke ce mata Gimbiya. Mutanen layi Mai Guga suka sani, don shekara ashirin tana tsaye kan teburin guga a shagon wankin da ke ƙasan benensu. Da dutsen gugar nan ta riƙe gidan tun da idon ya tafi: ɗaki ɗaya da falo a hawa na uku, da famfon da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama.

Ana nan sai wani likita ya duba idon ya ce akwai dama. Za a iya cire farin da ya rufe na hagu, nan da sati shida. Ranar Mai Walda har rawa ya taka, ya ture bokiti.

Kashegari yayarsa ta iso. Yaya dai tun asali ba ta son auren, wai ƙaninta ya rasa wadda zai ɗauko sai mai wanke dattin mutane. Ta yi wa ƙanin barka, ta yi 'yar ƙwalla, sannan ta bi Mai Guga kicin ta jingina da ƙofa.

"Amarya, kin kuwa duba madubi kwanan nan?"

"Me ya faru, Yaya?"

"A'a, ba komai. Na dai tuna ne 'yar talatin da biyu ya bari. Ita ce a kansa har yau. Ranar da aka kwance bandeji zai ce, ina matata, wa ya kawo min gwaggonta!" Ta yi dariya har da tafa hannu. "Wasa nake yi fa! Amma ki sani, zaman da ya yi da ke shekarun nan, ai ba shi da inda za shi ne. Ni dai gidana zan ɗauke shi ya yi jinya. In ya warke ya zaɓa da idonsa."

Da Yaya ta tafi, Mai Guga ta sauko da madubin da ke bayan ƙofa, wanda ta daɗe tana rataya mayafi a kansa, ta kai shi bakin taga.

Wayyo! Layi uku a goshi, kamar an ja da reza. Gefen ido ya tattare. Daga hanci zuwa baki wasu kwaruruka biyu sun gangaro. Ta ja fatar da yatsu ta miƙe, ta saki ta koma. Tana gyara kwalar rigunan mutanen gari shekara da shekaru, ashe tata fuskar na can tana yamutsewa ba mai goge ta. Ta zauna a ƙasa, ta cusa mayafi a baki don kada ya ji.

Akwai wani shagon kayan shafa a bakin titi, mai gilashi da fitilu ko da rana. Yarinyar da ke ciki farcenta ya fi cokali tsawo. Ta kalli Mai Guga sau ɗaya ta sauko da wata 'yar kwalba mai murfi ruwan gwal.

"Anti, wannan orijinal ne, daga waje. Kwastomomina layi suke bi. Ki shafa, wallahi sai an tambaye ki ajinki nawa a sakandare!"

"Sati shida zai isa?"

"Haba Anti, garanti! Amma ɗan kaɗan a kan yatsa, sau ɗaya, in za ki kwanta. Ki guji rana, ki guji zafi."

Da ta faɗi kuɗin sai da Mai Guga ta dafa kanta. Ni da nake ba ku labarin nan na sayi babur bai kai haka ba, kuma ya kai ni har inda mota ke tsoro. Ta fita, ta tsaya a rana, ta taɓa kunnenta. 'Yan kunnen nan da kuɗin ƙofar farko da ya ƙera ya saya mata su. Ta shiga wurin mai zinare, ta fito kunne fayau, ta koma ta karɓi kwalbar.

Da safe ya miƙo hannu. Ta ɗaure kai har kunne, ta ba shi goshi kawai ta janye.

"Sauri nake, maigida, kaya sun taru."

Sati biyu tana bin ƙa'ida. Kullum ta kai madubi bakin taga, kullum layukan na nan, ko gezau. Saura sati huɗu.

To, nan ne sana'a ta cuce ta. Wanda ya yi shekara ashirin yana guga abu ɗaya ya sani: in tufa ta ƙi miƙewa, a ƙara ruwa, a ƙara wuta, a danna. Wace riga ce ta taɓa gagarar ta? Ta ce yarinyar can me ta sani game da abin da ya yamutse, ita da ko hankici ba ta taɓa gogewa ba? Sai ta shiga lafta man sau uku a yini. In ta lafta, ta sunkuya ta kara fuskar a tururin dutsen guga don ya shiga sosai, ta murza da tafin hannu. Daga nan ta ɗauki kwandon zannuwan gado ta hau saman bene shanya, rana na tsakar ka.

Da ya fara yi mata raɗaɗi murna ta yi. Ta ce yanzu ne yake aiki.

Kwana uku fuska ta yi jawur. Kwana biyar ta yi bororo. Rana ta bakwai tana wanke ido fatar kumatun dama ta biyo hannunta.

Da safe ya miƙo hannu, ta tsaya can bakin ƙofa.

"Mura nake yi, kada in shafa maka."

Kashegari ma mura. Jibi kuma kai ke ciwo. Hannun nan zai tsaya a iska, ya jira, ya jira, sannan ya koma kan gwiwa. Ya daina tsokanarta. Shayin ma sai ya huce a gabansa. Rana ta goma ya kira ta, ba da Gimbiya ba.

"Ke, zo ki zauna. Ba sai kin matso ba."

Ta zauna a kujerar nesa.

"Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Shekara tara kina ɗauke da ƙaton namiji kamar jariri. Kin gaji. Jira kike in warke ki sauke ni ba tare da mutane sun zage ki ba."

"Maigida, wallahi ba haka..."

"To kawo fuskarki."

Ta kai hannu kan kumatun da ke tsatsar ruwa. Taku uku ne tsakaninsu, ta kasa yin ko ɗaya.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Kira min Yaya."

Kafin la'asar Yaya ta zo da tasi. Ta tarar da Mai Guga ta naɗe fuska da mayafi sai ido, ta ce, "Au, kunyar rabuwa ce tun yanzu?" Ta tattara kayansa a jaka. Mai Guga ce ta goge kowace riga a ciki. Tana jin sandarsa na bugun matakala, hawa uku, har ƙarar ta ɓace. Bai yi mata sallama ba.

Sai a lokacin ta je asibitin unguwa. Wata nas mai furfura ta ɗaga mayafin ta yi salati.

"Baiwar Allah, wa ya watsa miki ruwan zafi?"

Ta ciro kwalbar, ta faɗi komai, har tururin. Nas ta juya kwalbar tana girgiza kai.

"Ciwon zai warke, amma tabon ban yi miki alkawari ba. Kuma bari in gaya miki, ko da kin bi ƙa'ida, mai kyaun cikinsu iyakarsa ya ɗan sa fata laushi bayan watanni. Shekara tara ba ta fita da man shafawa. Da kin sayi mai arha na hana bushewa kin nemi inuwa, da kin fi haka riba."

Ta koma shagon gilashi. Yarinyar ta ja baya tana toshe hanci.

"Anti, ke kika yi oba! Ba na ce kaɗan ba? Ba ma karɓar kaya in an buɗe, sori."

Kwanakin da suka rage ba su da daɗin faɗa. Ɗaki shiru. Ta dafa shayi kofi biyu bisa sabo, ta zubar da ɗaya. A shago ta ƙona rigar wani, abin da ba ta taɓa yi ba. Ciwon ya bushe ya bar baƙin tabo kamar tafin hannun jariri, layukan kuwa suna nan inda suke, har da ƙarin ɗaya. Ta buga wayar Yaya sau bakwai, kullum amsa ɗaya: "Yana hutawa."

Aka yi masa aikin idon ba ta nan. Ranar kwance bandeji ta ce ba za ta je ba. Ta sa wuta a dutse, ta kashe, ta sake sawa. Ƙarshe dai ƙafa ta kai ta. Ta raɓe a bakin ƙofar ɗakin asibitin, fuska a naɗe. Yaya ta kafa kujera a gaban gadon don ita za a fara gani.

Likita ya warware a hankali. Mai Walda ya ƙifta, ya ƙifta, ido na ruwa.

"Me kake gani?" in ji likita.

"Haske... kamar ta cikin ruwa. Ga wata tsohuwa nan mai kama da marigayiya Inna."

"Ni ce, ƙanena! Yayarka!"

"Yaya? Kai! Yaya, haka kika tsufa?"

Nas ɗin da ke wurin ta juya baya tana danne dariya. Shi kuwa ya ɗaga hanci.

"Ina jin ƙanshin sitati. Tana nan. Ke, in sallama kika zo yi, matso ki yi ta a gabana."

Ta tako kamar mai zuwa kabari. Ta durƙusa, ta saki mayafin, ta runtse ido tana jiran abin da zai ce. Sai ta ji yatsa a goshinta. Ta buɗe ido: ashe shi ma ya rufe nasa, sabon idon da aka sha wahala a kansa.

"Wannan na sama," ya ce, "shekarar da na kwanta a asibiti ya fito. Na biyun, lokacin da mai gida ya so ya tashe mu. Waɗannan na gefen ido nawa ne, ni na sa ki dariya har suka zauna." Yatsan ya gangaro ya tsaya cak a kan tabon. Ya laluba kunne, ya ji wayam. "Wannan ban san shi ba. Ina 'yan kunnena? Wa ya yi miki haka?"

Nan ta fashe. Ta faɗa masa maganar kicin, da madubi, da kwalba, da tururi.

"Na ji tsoro ne ka buɗe ido ka ga tsohuwa..."

"Gimbiya, kin ɗauka ban san kin tsufa ba? Ni da nake bin layukan nan kowace safiya? Wanne ne ya fito ban riga madubi sani ba?" Hawaye ya zubo masa. "Kwana ashirin da wani abu ina cewa kin gaji da ni, ashe kina can kina goge fuskata da dutsen guga!"

"Fuskarka?"

"To ta wa? Wa ya fi ni amfani da ita?"

"Malam, ban da kuka, za ka ɓata min aiki!" in ji likita.

Sannan ya buɗe idon ya dube ta, ya daɗe yana dubawa. Ya juya wajen Yaya.

"Yaya, na gode da jinya. A miƙo min jakata. Kin ce in zaɓa da idona, to na zaɓa."

Yaya ta ajiye jakar a kan gado ta fita, ko mayafinta ba ta gyara ba.

Kada ku ce komai ya dawo daidai, don bai dawo ba. Idon rabi ya samu, walda kuwa ya bar ta har abada. 'Yan kunnen, da suka koma wurin mai zinare, an riga an narkar. Tabon yana nan har yau, in ta fita yara na kallo. Abin da ya dawo shi ne hannun nan na safe, kafin ruwan shayi ya tafasa, don ya ce idon bai iya karatu kamar yatsa ba.

To 'yan mata, da ku iyayensu masu leƙen shagon gilashi, ku ji daga bakin wanda ya riga ku ganin duniya. Man da zai hana fata bushewa ku saya, ba laifi. Amma wanda aka ce zai dawo muku da shekarun da suka wuce, ku riƙe 'yan kunnenku. Kuma kafin maganar dangin miji ta kai ku kasuwa, ku fara tambayar mijin. Matar nan haƙurin shekara tara ne ya riƙe mata aure, gaggawar sati huɗu ta kusa kashe shi. Ni nan fuskata ta fi tsohuwar jaka tattarewa, ban taɓa shafa komai ba sai ruwa, kuma har gobe in na wuce sai an waiga.

Kwalbar kuwa tana nan kan teburin guga. Maɓallan da ke faɗowa daga rigunan mutane take tarawa a ciki, kuma ta ce murfin yana rufuwa da kyau.