Ƙarfe Goma na Ranar Alhamis

Ranar wata Litinin bayan azahar, Zulkiflu yana sunkuye a kan wata kwamfuta da ya buɗe cikinta, sai ya ji sallama a ƙofar shagonsa da ke Tudun Wada, daidai inda masu keke ke sauke fasinjan Kongo. Ya amsa bai ɗago ba. Da ya ɗago kuwa, sai ya manta abin da yake nema a cikin kwamfutar.

Budurwa ce doguwa cikin hijabi ruwan toka, ta rungume laftof a ƙirji kamar jariri.

"Malam, an ce kai ne mai gyara. Kyamarar ce ta daina aiki."

"Ni ne. Bismillah, zauna."

Ta ce sunanta Hanifa, a Hanwa take, bara ta gama karatun harhaɗa magunguna. Wata gidauniya ce ta zaɓe ta cikin waɗanda za a tantance don tallafin ƙarin karatu a ƙasar waje, kuma ta bidiyo za a yi ganawar.

"Ranar Alhamis ƙarfe goma na safe. Don Allah a duba min ita sosai."

Zulkiflu ya gyaɗa kai, amma maganar gaskiya rabin abin da ta faɗa bai shiga kunnensa ba. Hankalinsa yana kan yadda take lumshe ido idan za ta yi murmushi.

Bayan ta tafi ya kama aikin. Yana tsakiyar gyara sai saƙo ya rufe fuskar kwamfutar, wai akwai sabuntawa, tana son ta kashe kanta ta sake tashi. Ya kore shi. Bayan minti goma ya dawo. Ya sake korar shi, ya sake dawowa.

Stephen, abokin sana'arsa da ke gyaran firinta a ɗaya ɓangaren shagon, ya yi dariya. "Wannan abu ba ya jin magana. Jiya wata malama ta kusa yi min kuka, tana buga jarrabawar ɗalibai kwamfutarta ta ɗauke mata."

Cikin jin haushi Zulkiflu ya danna inda ake zaɓar lokaci, ya tura abin gaba da kwana uku ko duba sa'ar bai yi ba. Niyyarsa idan ya gama da kyamarar ya zauna ya yi sabuntawar gaba ɗaya. Washegari Hanifa ta zo karɓa, suka tsaya hira har ya samu lambarta. Niyyar nan kuwa ta bi iska.

Ranar Alhamis da la'asar saƙonta ya shigo.

"Injiniya, kyamara ta yi aiki, na gode. Amma ina tsakiyar amsa tambaya ta biyu kwamfutar ta ɗauke da kanta. Ta rubuta min wai kada in kashe, tana sabuntawa. Minti hamsin ina kallon ɗigo-ɗigo suna zagaye. Na gwada shiga ta waya, abin ya ƙi. Kafin ta dawo sun rufe. Shi ke nan, na rasa."

Zulkiflu ya karanta sau uku. Ya ƙirga da yatsa, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Ranar da ya saka ke nan.

Ya rubuta, "Laifina ne." Ya goge. Ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Abin da ya tura a ƙarshe shi ne: "Innalillahi. Ki yi haƙuri Hanifa, haka kwamfutocin nan suke yi. Allah ya musanya miki da mafi alheri."

Daga wannan jajen soyayya ta ƙullu. Kullum yana kiranta ya ji yadda ta tashi, da farko don zuciyarsa ta ƙi barinsa ya huta, daga baya kuma don ba ya iya wuni bai ji muryarta ba. Ya fara zuwa Hanwa bayan la'asar, ta shimfiɗa masa darduma a zaure, ta kawo zoɓo mai sanyi. Yana kiranta Likitata, tana kiransa Injiniyana.

Sai dai duk hirar da suka yi, sai ta biyo ta kan ranar nan.

"Abin da ke ƙona min rai, kwamfutata ce fa," in ji ta wata rana. "Ta yaya abin da na mallaka zai zaɓar min lokacin da zai huta? Ko tambayata bai yi ba. Shekara biyu ina shirin ganawar nan, Injiniyana. Baba har ya fara faɗa wa abokansa a masallaci."

Zulkiflu ya ƙura wa kofin zoɓo ido.

Ta yi murmushi ta ƙara da cewa, "Amma ka ga ikon Allah. Da na samu, da yanzu ina can, da ban san ka ba."

Wannan maganar ta fi komai yi masa ciwo. Ashe duk daɗin da yake ji a kan asararta ya gina shi.

Ya kasa riƙewa, ya faɗa wa Stephen. Stephen ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube shi.

"Wata nawa yanzu?"

"Biyar."

"Zul, kuskuren ƙarami ne, kowa zai iya yi. Shirun nan naka shi ne babba, kuma kullum ƙara girma yake. Ka je ka faɗa mata."

"Idan ta rabu da ni fa?"

"Idan ta aure ka ba ta sani ba fa? Haka za ka riƙa sunkuyar da kai har ku tsufa?"

Ana cikin haka wata matsalar ta taso. Mahaifin Hanifa, Alhaji Isiyaku, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya ɗauki karatun 'yarsa da muhimmanci fiye da komai. Da labarin Zulkiflu ya kai kunnensa, ya ce shi bai raina sana'ar kowa ba, amma mai shago zai zaunar da ita ne, karatu ya tashi a banza. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Kailani, ɗan amininsa, wanda ya yi digiri na biyu a waje kuma ya yi alkawarin zai kai ta ta ƙaro karatu.

Hanifa ta turo saƙo: "Injiniyana, kada ka damu. Na faɗa wa Baba ni kai nake so, don kai ba ka taɓa ɓoye min komai ba. Zan jira har ya sauko."

Zulkiflu ya daɗe yana kallon saƙon. Ya rufe shago, ya tari keke zuwa Hanwa.

Ta fito da fara'arta, amma da ta ga fuskarsa sai ta tsaya.

"Lafiya?"

"Likitata, zauna. Kwamfutarki ba haka kawai ta ɗauke ba. Ni na saka mata lokacin."

Ya kwashe komai ya faɗa mata, tun daga saƙon da ya dame shi har saƙon da ya rubuta ya goge.

"Na faɗa maka Alhamis ƙarfe goma," ta ce a hankali. "Da bakina na faɗa maka."

"Kin faɗa. Ban riƙe ba."

"Wata biyar ina zaune gabanka ina tsine wa na'ura, kana ba ni haƙuri. Har cewa na yi Allah ne ya haɗa mu ta hanyar." Ta nuna masa ƙofa. "Tashi ka tafi, Zulkiflu."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta.

Labarin bai tsaya a zaure ba. Ya kai ga Kailani, shi kuma ya samu abin da yake nema. Ya zo gaishe da Alhaji, ya ce a gaban Hanifa, "Mai gyaran kwamfuta ya ce bai san lokacin da ya saka ba? Ya gan ki ne ya ƙyasa, ya san idan kika tafi ya rasa. Wannan da gangan ne."

Maganar ta zauna mata a rai. Ta tura wa Zulkiflu tambaya ɗaya: "Da gangan ka yi don kada in tafi?"

Ya amsa: "Wallahi tallahi ba da gangan ba ne. Amma na ji daɗin zamanki, kuma na yi shiru don kada in rasa ki. Wannan kam da sanina na yi. Ba ni da bakin kare kaina."

Ba ta sake amsa masa ba.

Sati uku Zulkiflu yana zuwa shago kamar marar lafiya. Duk kwamfutar da ta nuna masa saƙon sabuntawa sai ya tuna da Hanifa. Rannan ya zauna ya nemo adireshin gidauniyar, ya rubuta musu doguwar wasiƙa. Ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya bayyana abin da ya yi dalla-dalla, ya ce yarinyar ba ta yi sakaci ba, shi ya yi. Stephen ya gyara masa Turancin, suka tura.

Bayan kwana goma amsa ta zo. Sun ce na bana ya wuce, amma sun duba takardunta, idan an buɗe na baɗi za su kira ta ganawa kai tsaye ba sai ta sake bin matakan farko ba.

Ya buga wasiƙun biyu, tasa da amsarsu, a takarda. Bai nemi Hanifa ba, wurin mahaifinta ya nufa. Ya same shi a ƙofar gida bayan sallar la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa.

"Baba, ni ne Zulkiflu. Ni na jawo wa Hanifa asarar nan, na kuma ɓoye. Ga abin da na iya yi. Ba don a ba ni ita na kawo ba, haƙƙinta ne. Ku yafe min."

Alhaji Isiyaku ya saka tabarau ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya koma ta farko.

"Ka san idan ta samu, shekara ɗaya da rabi za ta yi ba ta ƙasar nan?"

"Na sani, Baba."

Dattijon ya cire tabarau ya dube shi. "Shekara talatin da biyar na yi a ofis. Na ga fayil ya ɓace, na ga aiki ya lalace, kullum sai a ce na'ura ce ko masinja. Ban taɓa ganin wanda ya zauna ya rubuta da hannunsa cewa shi ne ba. Tashi ka je, za ka ji daga gare ni."

Washegari da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Hanifa ce.

"Baba ya ba ni takardun. Na karanta har na haddace. Wanda yake son ya tsare ni ba zai rubuta wannan ba. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ka yafe min. Amma shirun wata biyar ɗin nan har yanzu yana min zafi, sai ka zo ka ba ni haƙuri da bakinka. Akwai zoɓo, Injiniyana."

Zulkiflu ya kifa kai a kan tebur. Stephen ya leƙo, ya ga kafaɗunsa suna rawa, ya koma wurin firintarsa yana murmushi.

Da ya je, ya ba ta haƙurin har sai da ta ce ya isa.

"Alkawari ɗaya nake so," in ji ta. "Ko me ka yi, komai muninsa, in ji shi daga bakinka a ranar."

"Na ɗauka, Likitata."

Kailani ya ji yadda aka yi, ya janye da kansa. Alhaji Isiyaku ya ce a turo magabata, da sharaɗin ba za a taɓa karatunta ba. Zulkiflu ya ce ko ba a sa sharaɗi ba shi zai raka ta filin jirgi.

Da lokacin ganawar ya zagayo Hanifa ta yi ta lafiya, bayan sati shida kuma sunanta ya fito. Aka sa ranar aure wata biyu kafin tafiyarta.

An ɗaura shi ranar Asabar a ƙofar gidan Alhaji da ke Hanwa. 'Yan layin shagon Tudun Wada suka rufe shagunansu suka zo, Stephen yana gaba cikin babbar riga da hula, yana ta karɓar gaisuwa kamar shi ne waliyyi.

Kafin a kai amarya, Alhaji Isiyaku ya sa aka kira su biyun falonsa. Suka durƙusa gabansa, Hanifa tana kuka ƙasa-ƙasa cikin mayafi.

"Zulkiflu, ga ta nan na ba ka amana. Hanifa, ki riƙe mijinki, kina kusa ko kina nesa. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku zama rufin asirin juna, ya kai ki lafiya ya dawo da ke ɗakinki lafiya, ya ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji Zulkiflu.

Daga cikin gida mata suka rangaɗa guɗa.