Baffa a Gaban Allo

"Ke! Mai shuɗin hijabi, can baya. Taso ki ƙarasa mana wannan."



Saude ta duba dama, ta duba hagu. Kaf layin ita kaɗai ce mai shuɗin hijabi.

Dokta Labbo, malamin lissafin nan da ake kira Kalkulas, yana tsaye gaban allo da alli a hannu, ya ɗan karkace gilashinsa yana jira. Ajin ya yi tsit, don kowa ya san wanda Dokta ya kira gaba ya shiga uku.

"Tashi mana!" ƙawarta Firdausi ta zungure ta.

Ta tashi ta nufi gaba. Tana isa kusa da shi sai jikinta ya yi abin da ya saba yi a gida. Ta tuɓe takalmanta, ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannu biyu don karɓar allin.

Ajin ya ɗauki ihu!

"Allah ya ja zamanin Dokta!" wani ya kwaɗa daga baya, aka sake fashewa da dariya har da buga tebur.

"Mene ne haka?" in ji Dokta. "Tashi tsaye ki yi mini bayani."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Magana nake miki!"

Bakinta ya ƙi buɗuwa. Hawaye kawai ke ɗiga a kan siminti.

"Ni za ki mayar abin dariya a ajina? Kwashi takalmanki ki fita. Kada ki sake shigowa sai ranar da kika koyi magana!"

Haka ta fita da takalma a hannu...

To, abin da ya kawo wannan ba raini ba ne. Bara Saude ta ɗauki Kalkulas a wannan makaranta ta Ƙaura ta faɗi, kamar yadda rabin ajin suka faɗi. Dokta Labbo mutum ne mai sauri, yana rubutu yana gogewa, in ya tsallake layi uku sai ya ce "a bayyane yake," ya wuce. Bana ce damarta ta ƙarshe, in ta sake faɗuwa za a sallame ta. Ta yi alkawari a ranta cewa wannan karon gaba za ta zauna, ta yi ta tambaya har sai ya gaji da ita.

Sai ga shi lokacin hutu, ranar da dangin saurayinta Armiya'u suka zo Badarawa daga Zurmi neman aurenta, ta leƙa ta kafar zaure don ta ga baƙin. Wanda ke zaune a gaba cikin babbar riga, shi ke magana da yawunsu, Dokta ne! Ashe shi ne yayan marigayi mahaifin Armiya'u, Baffan da ake ta ba ta labari.

A gidan su Saude kuwa, yarinya ba ta haɗa ido da suruki, ba ta yi masa magana, ko sunansa ba ta faɗa. In ta hango shi a hanya sai ta ratse. Tun ranar ta koma layin ƙarshe, kanta a ƙasa, tana jin muryarsa ba ta ganin rabin abin da yake rubutawa.

Shi kuwa bai san ta ba. Manya ba sa ganin yarinya ranar tambaya, ajin kuma cike yake maƙil.

Da yamma Armiya'u ya zo. Hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Zurmi, ya kawo kaya Ƙaura ya biyo ya gan ta. Ya same ta gindin dalbejiyar bakin ƙofar makaranta, idanunta sun kumbura.

"Subhanallahi! Sauden Armiya'u, wa ya taɓa mini ke?"

"Baffanka."



Ta kwashe komai ta faɗa masa, tana yi tana jan hanci.

"Yi haƙuri, hasken idona..."

"Haƙuri zai rubuta mini jarrabawa? Yaya, don Allah ka je ka gaya masa ni ce. In ya sani ko ba komai zai daina kirana gaba."

Armiya'u ya sosa ƙeya. "Ni? In dubi Baffa in ce mishi ga yarinyar da nike so tana ajinka? Wallahi ƙasa tsagewa za ta yi in shige."

"To Inna ta gaya masa."

"Inna da yayan mijinta? Tun da anka kawo ta gidanmu ba ta taɓa zama inda yake ba."

"Wayyo ni Saude!" Ta dafe kai. "Kai kunya, Inna kunya, ni kunya! Shi Kalkulas ɗin ne kaɗai ba ya jin kunyar kowa!"

Ya so ya yi dariya, ya ga fuskarta, ya fasa.

"Ki haddace mana, ba an ce wasu haddacewa suke yi ba?"

"Shi na yi bara. Ya canja lamba ɗaya tak, komai ya watse mini." Ta share ido. "Ka san rantsuwar Baba."

Ya sani sarai. Lokacin da Malam Mudi ya tura 'yarsa karatu Ƙaura, 'yan uwansa sun yi masa surutu, suka ce da ciki za ta dawo ba da takarda ba. A gabansu ya rantse ba za a ɗaura mata aure ba sai takardar na hannunta. Ko da ta faɗi bara ma cewa ya yi, "In sun kore ki, ki sake daga hwari a wani wuri. Mai jira ya jira."

"Ni mai jira ne," in ji Armiya'u a hankali.

"Inna fa?"

Ya dubi rana ya ce gara ya kama hanya, ba a bin hanyar Zurmi in yamma ta yi sosai.

Abin da ba su sani ba, Zuwaira ta ɗauki komai a waya. Zuwaira 'yar ƙanwar Inna ce, ajinsu ɗaya da Saude, kuma tun suna yara take jin ana cewa ita ce matar Armiya'u. Ta san ko wace ce Saude, ta kuma san Dokta bai sani ba. Ta yanke farkon bidiyon, ta bar ihun 'yan aji da faɗan Dokta, ta tura Zurmi.

Washegari wayar Saude ta yi ƙara.

"Saude..." Muryar Armiya'u ta dushe. "Inna ta ga wani abu."

"Me ta ce?"

"Ta ce ɗiyar da ta sa anka yi ma Baffa ihu a bainar jama'a ba za ta shigo mata gida ba. Ta ce ga shi kuma an kore ki daga aji, ita ba za ta zauna jiran takardar da ba ta zuwa ba, alhali ga Zuwaira a gida."

"Kai me ka ce?"

"Na ce ba haka abin yake ba."

"Shi ke nan?"

"Saude, uwata ce..."

"Ni kuma wa ce?" Muryarta ta fashe. "Don girman gidanku na durƙusa! Don girman gidanku na yi shiru aka kore ni kamar akuya! Yanzu kuma ni ce marar kunya?"

"Wallahi ba ni da wata in ba ke ba."

"To ka zauna da ni a zuciya, Zuwaira kuma a ɗaki!"

Ta kashe wayar.

Ta zauna bakin gado, ta jawo takardunta ta kafa musu ido. Wuri ɗaya ne dai ke tsaya mata tun bara, a sashen Kalkulas da ake kira intigireshan. Ta je wajen 'yan ajin gaba, sun ce haka kawai ake yi. Ta tambayi Firdausi, ta ce, "Ni ma rufe ido nake in wuce wurin." Jarrabawa ga ta nan ta matso.

Ta miƙe ta zura hijabi.

"Ina za ki?" in ji Firdausi.

"Wurin mai allo."

"Kin haukace?"

"Ƙila."

Ofishin Dokta a buɗe yake, yana ciki yana duba takardu. Saude ba ta shiga ba. Ta tuɓe takalmi, ta tsaya gefen ƙofa ta fuskanci bango, ta yi sallama.

"Shigo."

Ba ta motsa ba.

"Na ce a shigo!"

"Ba... Baffa, ina wuni."

Ta ji biro ya daina motsi.

"Wa ke ce mini Baffa a nan?"



"Ni ce... wadda aka kora jiya. Ɗiyar Malam Mudi ta Badarawa."

Can ta ji kujera ta yi ƙara. Da ya yi magana, Hausar aji ta gudu, ta gida ta dawo.

"Wagga da munka kai ma goro? Ke ce?"

"Ni ce."

"Innalillahi... Ashe gaisuwar suruki ce kika yi mini, ni kuma na kore ki gaban yara!" Ya yi ajiyar zuciya. "Shi wancan sakaran bai iya hwaɗa mini ba?"

"Kunya yake ji."

"Uwarsa hwa?"

"Ita ma."

"Ke ma."

Ya ja tsaki ya ci gaba.

"Zuri'a guda an taru an kama baki, ana kallon yarinya za ta hwaɗi jarrabawa! Kai, Allah ya shirye mu."

Ta ji wani sanyi a ranta. Bai daɗe ba.

"To saurara. Tunda na sani, hannuna ya fita daga takardarki. Malam Ladan zai duba ta."

Malam Ladan! Wanda 'yan makaranta ke cewa ko uwarsa ce ta manta alama ɗaya sai ya zaftare mata.

"Kuma maki ko ɗaya ba zan roƙa miki ba. Kin ji?"

"Ba roƙon maki na zo ba, Baffa. Tambaya gare ni."

"Yi."

"In ana sauya harafi a intigireshan... a layi na biyu akwai dx, a na uku babu. Sai a ce a bayyane yake. Ni tun bara bai bayyana mini ba. Ina yake tafiya?"

Sai ta ji abin da ba wanda ya taɓa ji a makarantar. Dokta ya yi dariya.

"Shekara nawa ina koyar da wannan, ba wanda ya taɓa tambayata."

"Tsoro ake ji."

"Hmm."

Ya jawo ƙaramin allon ofishinsa ya jingina shi a bakin ƙofa yana kallon baranda, shi kuma ya tsaya daga ciki, hannunsa kawai ke leƙowa.

"Zauna kan bencin nan. Ba ki ganina, ba na ganinki. Allo za ki kalla, shi ba surukinki ba ne."

Ya rubuta layi na biyu. Ya rubuta ukun da ya saba tsallakewa, ɗaya bayan ɗaya.

"Bai tahi ko'ina ba. Kin gan shi nan? Ya haɗu da wannan, sun koma du a madadin dx. Riga kawai ya sake."

Saude ta bi layin da yatsa, ta sake bi.

"Lah!" ta ce da ƙarfi, ta yi maza ta toshe baki.

Masu wucewa suka fara tsayawa. Kafin la'asar barandar ta cika, wasu a tsaye wasu a ƙasa, har ana ɗaga hannu. Zuwaira ma tana can ƙarshe tana kwafa, ba ta yarda sun haɗa ido da Saude ba. Haka aka yi ta yi kullum har ranar jarrabawa.

Da labarin bidiyon ya iso kunnen Dokta, ranar Juma'a ya je Zurmi. Ya tsaya a zaure ya sa aka kira Armiya'u, ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida.

"Ka gaya ma uwarka, yarinyar nan abin da ɗiyar mutunci ke yi shi ta yi. Ni ne ban sani ba. Wanda ya turo hoton kuma ya turo hwarkonsa."

Daga ciki ba a ce komai ba. Amma da Armiya'u zai koma Ƙaura, Inna ta ba shi ƙwaryar fura da man shanu ta ce a kai wa mai karatu.

Saude ta karɓi furar, shi kuwa ta ƙi kallonsa.

"Har yanzu fushi ake, ranki ya daɗe?"

"Ni na je na yi maganar da ka kasa."

"Na sani. Kin fi ni zuciya, Saude. Ki yahe mini."

"Sai sakamako ya fito."

Ranar da aka kafe sakamako Saude ta kasa matsawa. Firdausi ce ta kutsa cikin turmutsutsun, ta fito ɗankwali a hannu.

"Arba'in da uku!"

"Me?"

"Kin haye! Da arba'in ake wucewa, kin haye, Saude!"

Nan Saude ta zube tana kuka. Da ta kira Armiya'u ba ta iya cewa komai ba sai "Yaya... Yaya..." shi kuma yana ta kabbara a tsakiyar kasuwa, masu awo na kallonsa.

Bayan an girbe dawa aka ɗaura aure a Badarawa. Malam Mudi ya sa takardar a aljihun gaba, duk ɗan uwan da ya zo gaisawa sai ya fito da ita wai yana neman goro.

Ana saura kwana kaɗan su cika wata a ɗakinsu na Zurmi, Armiya'u ya shigo da hantsi yana murmushi.

"Amarya, Baffa ya aiko. Karsana ya ba ki, tana can garke."

"Allah ya ƙara girma!"

"Da saƙo kuma. Ya ce kai irin naki bai kamata ya zauna ba. Ki shirya, in an buɗe za ki koma ki yi babbar difloma."

Ta yi tsalle ta riƙe hannunsa. Can sai murmushin ya fara raguwa.

"Tsaya... akwai lissafi a ciki?"

"Ya ce akwai wani wai shi Kalkulas na gaba."

"Wa ke koyarwa?"

Armiya'u ya fara ja da baya yana laluben ƙofa.

"Yaya! Wa ke koyarwa?"

"Ya ce... ya ce ki zauna layin gaba."