Shayin Gwaggo

Malama na zaune a falo da rana tsaka tana makin takardun ɗalibanta. Halinta ne karanta amsoshin a fili, Gwaggonta kuwa na gefe tana ɗinki. Tambayar ita ce a kwatanta masu ramuwa biyu na wani tsohon wasan kwaikwayo: ɗaya ya zare takobi nan take, ɗayan ya shekara yana murmushi.

"Na biyun matsoraci ne," ta karanto daga takardar wani ɗalibi.

"Ba shi sifili," in ji Gwaggo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ba tsoro ba ne, 'yar nan. Jira yake maƙiyin ya kawo masa abin da ya fi so har gida."

Malama ta ajiye biro ta dubi Gwaggo. Shekara ashirin ke nan da motar wani direba ta kashe wa Gwaggo ɗanta tilo. Ɗan direban nan, Injiniya, shi ke neman auren Malama. Baban Malama ya yi tsalle ya dire ya ce sam, Gwaggo ce ta lallashe shi, tana murmushi.

Malama ta koma gefe ta kira Injiniya a waya. "Don Allah kar ka zo yau, kar ka ƙara shan komai a hannun Gwaggo."

"Ai ga ni a ƙofa."

Ya shigo ya durƙusa ya gaishe su. Gwaggo ta shige kicin, ta daɗe, ta fito da shayi a kofin marigayi ɗanta, kofin da ba mai taɓa shi.

"Gwaggo, na san ko ni ɗan waye a wurinki," in ji Injiniya. "Mahaifina bai sake riƙe sitiyari ba har ya rasu. Ba zan iya dawo miki da ɗanki ba — amma in kin ba ni, zan sha."

Ya ɗaga kofin. Gwaggo ta make hannunsa, kofin ya tarwatse a ƙasa.

"Ya huce," ta ce. Sai ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza.

Sai da Malama da Injiniya suka yi haƙurin shekara guda kafin Gwaggo ta sa albarka da zuciya ɗaya, aka ɗaura aure. Ramuwa dai ba ta tayar da wanda ya tafi, sai dai ta ƙara kabari.

Malama ce ta goge shayin ran nan, ta ƙone tsumman. Har yau ba wanda ya tambayi Gwaggo abin da ke cikin kofin.