Ranar da Nafissatou Ta Kife

Da Malam Mahaman ya san abin da ranar gaisuwar nan za ta haifar, da ya ɗage ta.

'Yarsa Nafissatou ta haɗu da Taufiq ne a ƙofar asibiti, ta je karɓar maganin tarin fuka, shi kuma ya sauke fasinja daga babur ɗinsa na haya. Ya miƙa mata ruwan leda ya ce, "Sha, gimbiyar masu tari." Ta yi dariya har ta ƙware. Tun daga nan kullum sai saƙo ya shigo: "Nafi tawa, kin sha magani? Ni fa amarya mai kumatu nake so."

Ranar da gwaggonninsa za su zo daga unguwar Adakpamé ganinta, tsoro ya kama ta kada tari ya kunyata ta. Sai ta tattara ƙwayoyin kwanaki ta haɗiye lokaci guda. Tana durƙushe tana gaishe su ta kife, jiki na jijjiga, baki na kumfa.

"Farfaɗiya!" in ji babbar gwaggon. "Kada wanda ya taɓa yawun!" Suka tattare zannuwansu suka fice. Taufiq ne ya faɗo daga zaure ya sungume ta.

A asibiti likita ya ce wa Malam Mahaman, "Baba, ƙwaƙwalwa tana da birki, GABA sunansa. Da kanta take haɗa shi daga sinadarin gulutamet, amma sai da taimakon bitamin B6. Maganin da ya yi yawa ya cinye bitamin ɗin, birki ya tsinke."

Aka ɗura mata bitamin ta jijiya, jijjigar ta tsaya. Sai dai ta daɗe tana jijjigar kafin a tsayar da ita. Ta farka da nauyin harshe, kalmomi suna ɓace mata.

Malam Mahaman ya taka da ƙafarsa har gidan mahaifiyar Taufiq, ya yi mata bayanin birkin nan iya fahimtarsa.

"Malam, ni abin da ido ya gani ya fi ƙarfin birki," ta ce. "Ga Kamila 'yar ƙanwata, lafiyayya, ita zai aura."

Ya dawo, ya kira yaron. "Ɗana, ka janye. Wallahi ba zan ga laifinka ba."

"Baba, don ni ta haɗiye su. In janye in je ina?"

Aka ɗaura aure a masallacin Zongo, kawunsa ya karɓa masa. Mahaifiyarsa ba ta aiko ko goro ba. Da aka kai amarya, ta ɗago kai za ta kira sunan mijinta, ta ce, "Tau…" ta tsaya, hawaye suka zubo.

"Na'am, Nafi tawa. Na amsa."

Malam Mahaman ya sa musu albarka. Ko harshenta zai saki, ko surukarta za ta sauko, har yau babu wanda ya sani.