Tutar da Haruna Ya Wanke

A shekarar da Nasara suka shigo ƙasar Gwandu, cikin kaka, gulbi bai gama janyewa daga fadamar Kalgo ba, aka aiko daga fada cewa duk mai riƙe da tutar yaƙi ya miƙa ta, baƙi suna son su kai ƙasarsu a rataye.

A Kalgo tuta ɗaya ce, tana hannun Sarkin Tuta Haruna, tsohon da ido ya fara gudunsa. Fara ce sol, saƙar hannu, an rubuta aya da tawada a tsakiyarta. A gefe akwai jan faci inda kibiya ta huda ta ranar da mahaifinsa ya faɗi yana riƙe da ita. Duk da haka, ba ta taɓa taɓa ƙasa ba. Haruna yakan ce in iska ta kaɗa ta, yana jin takun dawakin da suka daɗe da mutuwa.

Ya kwana biyu bai ci abinci ba. A rana ta uku, da hantsi, matarsa Halima ta kawo ƙwarya cike da ruwan gulbi.

Ta ce, "Malam, rubutu ai sha akai. Mi zai hana?"

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya tsoma tutar da hannunsa, baƙaƙen suka narke a hankali kamar hayaƙi. Ya kira tsofaffi huɗu da suka rage cikin waɗanda suka bi ta fagen fama, kowa ya kurɓa yana hawaye. Halima ta warware jan facin, ta shanya ƙyallen.

Da jakada Yusufu ya iso daga Gwandu, ya durƙusa ya ce, "Baba, tuta aka aiko ni in amsa."

Haruna ya nuna masa igiyar shanya. "Ɗana, ba ni da tuta. Wanga likkafanina ne. In shi sunka ce a kai, ɗauka."

Yusufu ya dubi ƙyallen, ya gane shi sarai. Ya hau dokinsa ya koma hannu wofi.

An ce Haruna bai ga damina ba, a cikin ƙyallen aka rufe shi. Ni dai tausayinsa nake ji, da ɗan hassada. Sarakuna da yawa mulki ya kuɓuce musu suna kallo, shi kuwa ya tafi da nasa. Tutar da ba ta taɓa taɓa ƙasa ba, sai ranar ta sauka, tare da mai ita.